Baƙin Damina a Bakin Kududdufinmu

Mu mutanen Danchuwa ba mu da teku, ba mu kuma da babban kogin da ke gudana rani da damina. Abin da Allah ya ba mu shi ne kududdufai, da 'yar fadama, da kwari-kwarin da ke riƙe ruwa wata uku ko huɗu sannan su ƙafe. A ƙasashe irin su Ingila, daga watan Yuni zuwa Agusta, mutane kan tafi bakin teku inda kogi ke zuba, riƙe da madubin hangen nesa da ɗan littafi, su wuni suna kallon tsuntsaye da ƙwari suna rubuta abin da suka gani. Waɗannan watanni su ne daminarmu. Mu ma a lokacin ne baƙinmu masu fukafukai suke cika gari, illa dai ba mu cika ɗaga kai mu dube su ba, don hankali yana kan noma da kuɗin taki.

To, bana dai wasu daga cikinmu mun ɗaga kai. Mu 'yan majalisar bayan la'asar ne, akwai malamin makaranta, akwai tela, akwai manoma, sai yaran da ke biyo mu duk inda muka nufa. Muka sa wa kanmu al'adar zagawa bakin kududdufi da gefen gonaki kafin magariba. Abin da muka gani, da abin da muka nema ba mu gani ba, shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Shamuwa ce kan gaba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san idan ta sauka a kan tsamiya ko kuka ta fara jan kirare, lokacin gyaran gona ya yi. Kakanninmu da suka zo nan daga ƙasashen Kano da Haɗeja da Katagum sun zo da wannan sani, suka kuma tarar maƙwabtanmu Ngizim da Karekare da Bolewa da Fulani su ma suna girmama ta. Ba a harbinta, ba a taɓa ƙwanta. Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne nisan tafiyarta. Nan wajenmu take yin sheƙa ta ƙyanƙyashe, idan ruwa ya ɗauke sai ta nausa gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke sauka lokacin da mu muke cikin hunturu. Ruwa take bi, kuma abincinta fara ce da tsutsa. Kowace shamuwa da ke tattaki a bayan mai huɗa ma'aikaciya ce da ba ta karɓar lada.

Sai belbela, wadda ba ta rabuwa da shanu. Garin da ke kusa da kasuwar shanu irin ta Potiskum ba zai rasa ta ba. Tana bin ƙafar saniya ne saboda ƙwarin da ke tashi daga ciyawa idan an taka. Wannan 'yar farar tsuntsuwa da muke raina wa ta taɓa ƙetare tekun Atilantika da fukafukanta, ta zauna a Kudancin Amurka, daga can ta bazu har Amurka ta Arewa. A bakin ruwa kuma mun ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi, mun ji kirinjijiya suna wucewa da fito bayan faɗuwar rana, mun sha masifar zakaran ƙeƙuwa wanda ba ya barin kowa ya matso kusa da ƙwansa a ƙasa. Kabare ya rataye sheƙunansa a reshen ƙaya da ya sunkuyo kan ruwa, namiji yana saƙa yana kururuwa, mace tana zuwa tana dubawa, in bai yi mata ba ta yi gaba. Tela ya daɗe yana kallon saƙar nan, ya ce, “Wallahi wannan ko a shagona sai in ba shi keke.”

Damina ce kuma lokacin ado. Mulufi, wanda da rani ba ka bambanta shi da sauran ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa, sai ga shi ya yi ja wur a kan karan gero. Zalaidu ya fitar da doguwar wutsiya yana ja a sama kamar mai rawani. Duk kwalliyar neman aure ce, da kaka ta wuce su tuɓe su koma yadda suke.

Ƙwari kuwa sai mun sunkuya. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, shinge ya fito ya rufe fitilu, yara suka bi shi da kwanuka. Waɗannan masu fukafukan su ne ke barin suri su je su kafa sabon gida, kuma ranar fitarsu biki ce ga tsattsewa da shirwa da kwaɗi da mu kanmu. Mazari yana shawagi a kan ruwa, kuma 'ya'yansa a cikin ruwan suke girma, suna cin 'ya'yan sauro tun kafin su yi fiffike. Buzuzu yana mirgina kashin shanu ya binne, taki ke nan ya shiga ƙasa ba da kuɗin kowa ba. Ƙoƙiƙoƙi yana laɓe a ganyen wake yana farautar masu cin ganyen. Zanzaro yana ɗibar laka ya gina ɗakinsa a kusurwar soro, ya cusa tsutsotsi a ciki don abincin ɗansa. Malam-buɗe-littafi yana sauka a kan danshi, gyare yana raira dare, maƙesu yana ƙyafta wutarsa a cikin ciyawa don kiran abokin zama. Akwai kuma waɗanda ba a wasa da su, irin su hangara mai tayar da bororo a fata, da rina, da cinnaka. Su ma mun koya wa yara su gane su daga nesa.

Ba za mu ɓoye ba, ba kowane mai fiffike ne abokin manomi ba. Jan baki idan ya sauka a gonar gero ko dawa, sai dai a yi salati. Tsuntsu ɗaya yana cin kimanin giram 10 na hatsi a rana, to a lissafa garken da ya kai dubban ɗaruruwa. Tsutsar masara da aka fara gani a Najeriya a 2016 ita ma ta sa manoma da yawa kuka. Wanda ya kwana yana kaɗa gwangwani a gona don korar tsuntsu, in ka ce masa ya zo kallon tsuntsaye, zai ɗauka ba'a kake masa. Muna da irinsu a majalisarmu, kuma mun fahimce su. Abin da muke cewa shi ne a bambance. Maganin feshin da ake zubawa ba awo ba ya tambayar sunan ƙwaro. Yana kashe tsutsa, ya haɗa da ƙudan zuma da mazari da ƙoƙiƙoƙi, ragowarsa ruwa ya wanke zuwa kududdufin da awakinmu ke sha.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne waɗanda muka nema muka rasa. Wani dattijo a cikinmu ya tambayi jikansa, “Kai, yaushe rabonka da ganin ungulu?” Yaron ya ce, “Baba, a littafi na gan ta.” Muka yi dariya, daga baya kowa ya yi shiru. Mu da muka tashi muna korar ungulu a mahauta da bayan kasuwa, yau sai mu shekara ba mu ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da muka saba gani a garuruwanmu cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe, da masu kama ta don sayar da sassanta ga masu magani da tsibbu, su suka fi cin ta. Indiya ta riga mu ganin wannan. Daga shekarun 1990 ungulayensu suka riƙa mutuwa saboda wani maganin dabbobi mai suna diclofenac da ke saura a jikin mushe, har gwamnati ta hana ba dabbobi shi a 2006. Da ungulu ta tafi, mushe ya zauna yana ruɓewa, karnukan sake suka yawaita. Mai shara ce muka rasa, ko da ba mu taɓa yi mata godiya ba.

Gauraka ma haka. Ita ce tsuntsuwar da ake kira ta ƙasa a Najeriya, amma yaranmu ba su san kukanta ba. Burtu, wanda maharba ke kwaikwayon kansa, ya zama sai a labari. Shamuwar ma, tsofaffin unguwa sun ce sheƙunanta sun ragu, kuma ba sai an je da nisa neman dalili ba: manyan itatuwan da take sauka a kansu sun koma gawayi da turame.

Duk da haka jiharmu ta Yobe tana da abin alfahari a wannan fanni. Wanda ya kama hanyar Jakusko zuwa Gashuwa zai isa ƙasar Bade, inda Dagona take, mafakar tsuntsayen ruwa da ke cikin gandun dajin Tafkin Chadi na ƙasa wanda aka kafa a 1991. Dagona wani yanki ne na dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogunan Haɗeja da Jama'are ke malala kafin su haɗu su zama kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona takanas don ganin tsuntsayen. A shekara ta 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, su ne na farko a Najeriya, Dagona ta biyo baya a 2008. Da hunturu, agwagin ruwa da wasu tsuntsayen da suka yi sheƙa a Turai da arewacin Asiya suna ƙetaro Sahara su sauka can. Wato tsuntsun da Bature ya kalla a bakin tekunsa yana iya zama shi ne masuncin Bade zai gani bayan 'yan watanni.

Can ma akwai darasi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke malala a dausayin ya canza. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan baki. Aikin da aka yi a ƙasar Kano ya taɓa tukunyar mutumin Nguru. In babban dausayi zai iya shiga wannan hali, ina ga kududdufinmu da muke juye wa shara da leda, muna cike gefensa kaɗan-kaɗan don a fitar da fili?

Akwai wata asarar da ba a gani da ido, ita ce ta sunaye. Mu 'yan zango ne, harshe da sani su ne kayan da kakanninmu suka fi ɗaukowa. Yaron da ke cewa “tsuntsu” ga komai, daga suda har yautai, an rage masa gado. A yawonmu mun lura yara suna kama suna da sauri in an nuna musu mai sunan. Wanda ya san carki da ragon maza da cilakowa, hannunsa yakan yi nauyi kafin ya ja danƙo. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wasu sunayen, musamman na ƙwarin da ke shiga rumbu da na ganyen miya. Maƙwabtanmu kuma suna da nasu sunayen a harsunansu, kuma tambayar “ku me kuke ce masa?” ta buɗe mana hira da mutanen da shekara da shekaru gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ga abin da muke roƙon jama'ar unguwa, kuma babu wanda ke bukatar kuɗi a ciki. Na farko, a samu littafi guda a ajiye wurin mai unguwa ko a makaranta, a riƙa rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa kowace shekara, da ranar ruwan shuka, da ranar fitar shinge, da yawan sheƙunan da ke kan kowace bishiya. Bayan shekara goma wannan littafi zai gaya wa 'ya'yanmu abin da ƙwaƙwalwa ba za ta riƙe ba. Masu binciken tsuntsaye na cibiyar APLORI da ke Jos da irin wannan bayani na mutanen gari suke aiki. Na biyu, duk bishiyar da ke ɗauke da sheƙar shamuwa ko belbela a bar ta, mai ita ya yi haƙuri da kashin tsuntsu na wata uku. Na uku, a daina wanke tankin feshi a kududdufi, a daina zuba shara a bakinsa. Na huɗu, malamai su fitar da ɗalibai ko sau ɗaya ne a damina, a zaga da su, a gayyaci tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya su faɗi sunaye.

Wanda yake so ya bi mu, muna tashi bayan sallar la'asar ranakun Juma'a da Asabar, har zuwa lokacin da kududdufi zai ƙafe. A zo da takalmi mai rufi saboda kunama da ƙaya, a bar danƙo a gida, a rage surutu in an kusa ruwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gona.