Sulken da aka bari cikin kwali

Kwana 49 bayan rasuwar mahaifinta, da aka kammala addu'ar da mabiya Buddha na Japan suke yi wa mamaci a wannan rana, uwarta ta aike ta ƙaramin ɗakin da ke saman bene, ta ce ta ware abin da za a bayar da abin da za a zubar. Ta tarar da kwalaye jibge tun daga ƙasa har kusa da rufi: jiragen ruwa, jiragen sama, tankokin yaƙi, duk na roba, duk ba a harhaɗa su ba. Mutanen Japan suna da suna ga irin wannan tari, tsumipura, wato kayan da mai sha'awa ya saya yana cewa sai ya samu sarari, har kwanansa ya ƙare sararin bai zo ba.

Ba abin mamaki ba ne a samu irin wannan ɗaki a Shizuoka. Birnin yana gaɓar teku, inda ake hangen dutsen Fuji idan gari ya washe, kuma daga jiharsa ne fiye da kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan kaya da ake ƙerawa a Japan suke fitowa. Asalin sana'ar itace ne. A zamanin Edo an tara masassaƙa da masu shafe don ginin wurin ibada na Sengen, da yawansu suka zauna, jikokinsu suka gaji aikin hannu. Kamfanin Tamiya ma da katako ya fara a 1946, sai a 1960 ya shiga roba. A 1980 Bandai ta fito da Gundam na farko da ake harhaɗawa, a kan yen 300, yara suka yi ta layi a ƙofar shaguna. Mahaifinta ya yi shekara 40 a wata ƙaramar ma'aikata yana sassaƙa ƙarafan da ake zuba narkakkiyar roba a cikinsu. Tana yarinya ta sha roƙonsa ya koya mata, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, cewa wannan ba aikin mata ba ne. Da ta girma ta tafi Tokyo aikin ofis, magana tsakaninsu ta koma gaisuwar sabuwar shekara.

A ƙarƙashin tarin ta ga wani kwali da bai yi kama da sauran ba. A jikinsa hoton wata budurwa ce sanye da sulke mai launin rairayi, da igwa a kafaɗa, da sarƙar tanka a bayan ƙafafu. Sunanta Gourai, ta farko a jerin Frame Arms Girl da kamfanin Kotobukiya na Tachikawa ya fara fitarwa a 2015. Mai zane Shimada Fumikane ne ya ɗauki wani mutum-mutumin yaƙi da kamfanin yake da shi tun da, ya mayar da shi mace. Abin da ta fara ji kunya ce. Sulken ya rufe hannu da ƙwauri, ya bar cinya a waje, kuma ta san abin da mata da yawa suke faɗa game da irin waɗannan siffofi da mazan da suke sayen su. Ta sauko da kwalin ta ajiye gaban uwarta.

"Okasan, wannan fa? Me tsoho zai yi da shi?"

Uwar ta dubi kwalin ta ce, "Otosan yakan fito da shi ya ɗaga sassan a hasken fitila, ya daɗe yana kallo, ya mayar. Hannunsa ya riga ya fara rawa a lokacin. Ban taɓa tambayar sa ba."

A cikin kwalin akwai takardar shago mai shekarar 2015, shekarar da ta bar gida. Ko ingancin zubin wasu yake dubawa da idon ma'aikaci, ko wani abu dabam yake gani, wanda zai faɗa ya tafi. Sauran kwalayen ta bayar, wannan ta riƙe.

Mai karatu da bai taɓa ganin irin wannan kaya ba, ya ƙaddara wasu ƴan tagogi na roba, kowace da harafinta, sassa ƙanana suna maƙale a jikinsu kamar ƴaƴan itace a reshe, kowane da lambarsa. Takardar bayani tana nuna wanda zai shiga cikin wane. Ba a buƙatar gam don haɗawa, domin kowane ƙusa yana da raminsa, amma aikin yana da ƙa'idodi da takardar ba ta faɗa duka. Ta koye su ne daga kayan aikin uban da kuma kurakuranta. Ana yanke sashe sau biyu, na farko nesa da jikinsa, na biyu dab da shi, in ba haka ba robar ta yi farin tabo. Ana goge wurin da takarda mai yashi, daga mai kaushi lamba 400 zuwa 600 zuwa 1000. Inda ɓari biyu suka haɗu suka bar layi, ana shafa wani ruwa mai narkar da fuskar roba, a matse, a bari ya yi kwanaki, sannan a goge har layin ya ɓace. Ƙaramin almakashin uban ya lashe a daidai inda babban yatsa yake zama, nata yatsan kuwa ya zauna a wurin ba tare da ta nema ba.

Kowane ƙarshen mako takan shiga jirgin ƙasa daga Tokyo, ta ci abinci da uwarta, ta hau bene. A cikin Afrilu ta gama haɗa jikin, tsayinsa bai wuce santimita 15 ba. Sai ta sake warware shi don fenti. Ta soke kowane sashe a kan tsinke, ta fesa masa farar toka ta share fage, wadda take tona duk wani ƙarce da ido bai gani ba, ta koma ta goge, ta sake fesawa. Launin rairayin da ke kan kwali ba ta bi shi ba. Ta haɗa wani kore mai duhu da ya surka da toka, irin na injunan ma'aikatar da aka hana ta taɓawa, ta shafa shi siriri-siriri har sau uku, tana jiran kowane ya bushe.

A nan gaggawa ta ci ta. Don a fito da ƴan layukan da aka tsaga a jikin sulke, akan ɗiga baƙin fenti mai ruwa-ruwa ya bi tsagar da kansa. Ta yi haka bayan ta mayar da sassan wurinsu, ta kuma cika ruwan. Wannan ruwa yana shiga cikin roba a inda take a matse, musamman irin da ake kira ABS wadda ake yin gaɓoɓi da ita, ya mai da ita kamar busasshen kara. Washegari ta ɗaga hannun dama, kafaɗar ta karye a yatsunta. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, har uwar ta hau bene ta tsaya a ƙofa, ta juya ba ta ce kome ba.

Mako biyu ba ta buɗe ɗakin ba. Tana iya rubuta wa kamfani ta sayi sabon sashe, kamar yadda mutane suke yi. Amma da ta koma tana binciken aljihun teburin, sai ta ga ƴar na'urar huda da ake murzawa da yatsa, da guntayen wayar tagulla mai kaurin milimita 1, an ɗaure su da zare. Mutumin da ba ya karya kome ba ya ajiye irin waɗannan. Ita da ta tashi tana ganin ubanta ba ya kuskure, ranar ta gane cewa ya sha karyawa, ɓoyewa kawai yake yi. Ta huda ɓangarorin biyu, ta cusa wayar, ta ɗiga gam. Kafaɗar ta kama, ko da yake ba ta ɗaguwa sama kamar ta hagu.

Fuska ce ta rage. A cikin kwalin akwai fuskoki da aka riga aka buga wa idanu, akwai kuma wadda aka bari fili, da idanu a kan wata takarda da ake tsomawa a ruwa. Ta zaɓi mai wahalar. Ta jiƙa takardar, ta zame idon da hantsaki, ta daidaita shi da jiƙaƙƙen burushi tana riƙe numfashi, domin kaucewar da ba ta kai kaurin gashi ba tana sauya kallon duka. Daga cikin idanun ta ɗauki masu duban gaba kai tsaye. Cinyar da ta ba ta kunya tun farko ta shafe ta da baƙi, ta zama kamar wando a ƙarƙashin sulke. Ba ta daina ganin abin da take gani a irin waɗannan siffofi ba, sai dai wannan ɗaya ita ta yanke yadda za ta fita.

Shafi na ƙarshe, wanda yake kashe ƙyalli ya kare fenti, ba a fesa shi a ranar laima, don yakan yi fari kamar hazo. Damina kuwa ta sauka a watan Yuni, ta yi ta jira har aka samu wata Lahadi da rana ta fito. Da yamma ta sauko da Gourai a tafin hannu. Uwar ta sa tabarau, ta juya ta gaba da baya, ta tsaya a kan kafaɗar dama.

"Nan ya karye ko?"

"Ya karye, Okasan."

"Da ya gani," in ji uwar. "Da kuma bai ce kome ba."

Ta karɓa ta ajiye a kan kanta kusa da hotonsa, ta ɗan karkata ta yadda kafaɗar da aka gyara take fuskantar ɗaki. Sannan ta tambayi ƴarta ko za ta zo mako mai zuwa, tun da aikin ya ƙare. Ta ce za ta zo, akwai sauran tagulla a aljihun tebur.