Abin da na koya a teburin kartar Kawu



A gidanmu idan aka ce karta, caca ake nufi. Mun taso muna jin labarin waɗanda suka sayar da babur ko gona saboda ita. Shi ya sa gabana ya faɗi a hutun Disambar da ya wuce, lokacin da na ziyarci ƙanin mahaifiyata da ke aikin likita a wani gari na arewacin Ingila. Ranar Talata da yamma ya ɗauki rigar sanyinsa ya ce, "Taso ki raka ni, yau muna da gasar karta."

Na ce, "Kawu, karta kuma? Idan Umma ta ji fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ita ta fara yi mini faɗa shekaru goma da suka wuce. Zo ki gani da idonki, sannan ki kai mata rahoto."

Na ɗauka zan tarar da hayaniya da hayaƙin taba. Sai ga mu a wani zauren unguwa mai tebura kusan goma sha biyu, kowanne da mutum huɗu, yawancinsu dattawa masu furfura. Wurin shiru kamar ana jarrabawa. Ban ga kuɗi a kan tebur ko ɗaya ba. Abin da kowa ya biya a bakin ƙofa shi ne ɗan kuɗin hayar zaure da na shayi.

Sunan wasan birij. Mutum huɗu ke yin sa, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Ana kiran kujerun da Arewa, Kudu, Gabas da Yamma. Katunan 52 ne, iri huɗu, kowa ya samu 13. Kafin a fara jefawa sai an yi tayi, kamar a kasuwar dabbobi: kowane ɓangare ya faɗi zagaye nawa yake ganin zai iya cinyewa cikin goma sha ukun. Wanda tayinsa ya fi na kowa ya ɗauki alkawari ke nan. Idan ya cika ya sami maki, idan ya gaza makin ya tafi ga abokan hamayya. Ba a ma yin tayin da baki. Akwai 'yar akwati a gefen kowa mai ɗauke da katunan tayi, sai mutum ya zaro ya ajiye, don kada muryarsa ta isar wa abokinsa da wani saƙo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba a sake cakuɗa katunan bayan an gama. Kowa zai mayar da nasa cikin wani faranti mai aljihu huɗu, a miƙa wa tebur na gaba. Wato katunan da ka riƙe su ne wani zai riƙe bayanka, a ƙarshe a duba wa ya fi iya sarrafa su. Babu mai cewa "yau ban yi sa'a ba". Kawu ya ce wannan ne ya raba shi da caca: mai mugun hannu yana iya zuwa na ɗaya, idan ya yi asarar da ba ta kai ta sauran ba.

Daga baya na ƙara sanin tarihinsa. Wani attajirin Amurka mai suna Harold Vanderbilt ne ya tsara lissafin makin da ake bi yanzu, a cikin jirgin ruwa a 1925. A Ingila akwai ƙungiyar ƙasa da aka kafa tun 1936, kuma ƙananan kulob-kulob irin na su Kawu suna ƙarƙashinta. Suna da gasar rukuni-rukuni kamar ta ƙwallon ƙafa, wadda ake yi a watannin sanyi, masu ƙoƙari su hau sama, na ƙarshe su sauko. An ma saka wasan cikin Gasar Wasannin Asiya ta 2018 a Jakarta, inda wani attajirin Indunusiya ɗan shekara 78 ya sami lambar tagulla.

A daren da nake ba ku labari, tawagar su Kawu ta mutum huɗu tana karawa da ta wani gari na kusa. Biyu daga cikinsu suna zaune Arewa da Kudu a tebur ɗaya, sauran biyun kuma Gabas da Yamma a ɗaya teburin, ana kai musu katuna iri ɗaya. Abokiyar wasan Kawu wata tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ta kusa shekara tamanin. Ni kuwa aka ba ni aikin ɗaukar farantai daga wannan tebur zuwa wancan, aka gargaɗe ni kada in yi ko tari. Tun a mota Kawu ya faɗa mini cewa idan suka ci wannan karawa, su ne za su hau saman rukuninsu.

Akwai wata doka mai sauƙi a wasan. Idan aka jefa kati na wani iri, dole ka bi da irinsa muddin kana da shi. Ana dab da tashi, abokan hamayya suka yi tayin zagaye goma, suka ƙare da tara. Na ga mai wasan ya dafe kai. Har an fara rubuta maki sai na ga Kawu ya tsaya yana duban katunan da ke gabansa. Ashe a tsakiyar wasan an jefa mai alamar zuciya shi kuma ya jefa wani iri, alhali yana da ɗaya da ya maƙale a bayan wani kati. Babu wanda ya lura, har abokiyar wasansa.

Kawu ya ɗaga hannu ya kira alƙalin wasa, ya faɗi abin da ya faru. Alƙalin ya duba, ya ɗauke zagaye ɗaya daga hannunsu ya ba wa abokan hamayya. Tara ta koma goma, alkawarinsu ya cika. Da aka haɗa lissafin teburan biyu, su Kawu suka faɗi da 'yar tazara kaɗan. Da ya yi shiru, da su ne da nasara.

Na zaci tsohuwar za ta yi fushi. Sai kawai ta miƙa masa kofin shayi ta ce gobe ya riƙa ware katunansa da kyau.

A hanyar gida na kasa haƙuri. Na ce, "Kawu, ai babu wanda ya gani."

Ya ce, "Ni na gani, 'yata. Kuma mako mai zuwa da waɗannan mutanen zan sake zama."

Daren nan ban yi barcin kirki ba, domin maganarsa ta taɓo wani abu da na binne. A zangon da ya wuce, wajen haɗa makin jarrabawar lissafi, an yi kuskure an ƙara mini goma. Na gani tun ranar da aka raba takardu, na ninke tawa na tura cikin jaka. Da wannan goman na zo ta uku a ajinmu, har Baba ya saya mini agogo. Ita kuwa wadda ta cancanci matsayin, benci ɗaya muke zama da ita, kuma ita ce ke koya mini abin da ban gane ba.

Da aka dawo hutu na yi kwana huɗu ina kaiwa da komowa a ƙofar ofishin malamai. A rana ta biyar na shiga da takardar. Malam ya sake lissafawa, ya dube ni ya ce, "Kin san abin da wannan zai jawo miki?" Na ce na sani. Aka gyara sakamakon, na koma ta shida. Faɗa wa Baba ya fi komai wuya. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce in riƙe agogon. Ƙawata kuwa ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba. Yanzu mun shirya.

Ba ina kiran kowa ya shigo da karta makaranta ba ne, dokar makaranta ta hana, kuma kartar kuɗi caca ce ko a ina aka yi ta. Ni ma har yau ban iya birij ba, tayin kaɗai yana ɗaukar watanni kafin mutum ya gane shi. Amma jarrabawar zango tana tafe, kuma tambayoyi iri ɗaya za a raba mana duka, kamar farantan nan da na yi ta ɗauka daga tebur zuwa tebur. Wanda ya ga an ƙara masa abin da ba nasa ba, ofishin malamai ba shi da nisa.

Rahoton da Kawu ya ce in kai wa Umma kuwa na kai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ita dai har yanzu ba ta son karta, amma ƙanin nata bai ba ta kunya ba.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.