Zamanin da yatsan ƙasa ke da lissafi

A shekarun da nake koyon gyaran waya ta YouTube, da zarar na buɗe bidiyo, kafin ya gama lodi idona ya riga ya sauka ƙasansa. Yatsu biyu ne a wurin, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowanne da adadinsa, ga wani siririn layi da ke nuna wanda ya rinjaya. In mutum ya yi alkawarin koya maka farfaɗo da wayar da ta faɗa ruwa, amma yatsan ƙasa ya kusa kamo na sama, sai in kama gabana. Wasu bayin Allah da ban taɓa sani ba sun riga sun ƙona datarsu, sun gano shirme ne, sun bar mini alama. Mai sayen data kaɗan-kaɗan ya san darajar wannan alama.

Kafin 2010 taurari biyar ake bai wa bidiyo. Da yatsu suka zo, sai 'yan kallo suka samu bakin magana, kuma ba su raga wa kowa ba, har da mai gidan. A Disamban 2018 YouTube ya saki Rewind, bidiyonsa na waiwayen shekara, Will Smith ne ya buɗe shi. Cikin mako guda ya zarce waƙar Baby ta Justin Bieber wajen shan yatsan ƙasa, daga baya ya doshi miliyan 20. Na tuna yadda muke komawa kansa, ba don kallo ba, don mu ga inda lissafi ya kai. Masoya finafinan Indiya kuwa ba za su manta da tallan fim ɗin Sadak 2 ba, a Agustan 2020. Bayan mutuwar jarumi Sushant Singh Rajput, jama'a suka huce haushin fifita 'ya'yan manya a Bollywood a kan tallan, yatsan ƙasa ya haura miliyan 10.

Ranar 10 ga Nuwamban 2021 kamfanin ya sanar da ɓoye adadin. Maɓallin yana nan, kana iya dannawa, amma mai bidiyon kaɗai ke ganin lissafin. Hujjarsu ita ce ana haɗa kai a yi wa ƙananan masu tashoshi taron dangi. Wannan yana faruwa, ban musa ba. Sai dai tun da mai tashar na ci gaba da ganin adadin, ban ga zafin da aka rage masa ba. Mu 'yan kallo aka rufe wa ido.

A Amurka maganar ta koma siyasa nan take. Tun Janairun 2021 bidiyoyin Fadar White House ta Joe Biden ke shan yatsan ƙasa, har wasu suka riƙa yaɗa hotunan allo suna cewa adadin na raguwa da kansa. YouTube ya ce ƙuri'un bogi yake sharewa. Da sanarwar Nuwamba ta fito, masu adawa da Biden suka ce biri ya yi kama da mutum. Ni dai ban gamsu cewa don shi aka yi ba. Na fi zargin lalashin masu talla da manyan kamfanoni, waɗanda ba sa son a ga hajarsu tana shan kunya a bainar jama'a. Amma ko ba da niyya ba, duk wata gwamnati ta ci riba, domin yanzu mai jin haushi ya danna shi kaɗai, ba ya sanin cewa dubbai na tare da shi.

Hatta Jawed Karim, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa YouTube, bai yi shiru ba. Ya koma kan bidiyon farko da aka taɓa ɗorawa, na daƙiƙa 19 da ya ɗauka a gaban giwaye a gidan namun daji na San Diego a 2005, ya sauya bayanin da ke ƙasansa ya kira matakin wauta. Kamfanin bai janye ba.

Yau akwai wata manhaja, Return YouTube Dislike, da ake maƙala wa burauzar kwamfuta. Tun da YouTube ya toshe hanyar samun ainihin adadin ranar 13 ga Disamban 2021, kintace kawai take yi daga tsofaffin alƙaluma da ƙuri'un masu amfani da ita. Ƙanena da ya gaji sana'ar gyaran waya bai san da ita ba. Shi sai ya kalli bidiyo ya kai rabi kafin ya gane an cinye masa data a banza.