Waƙar wa na sa muku daren Juma'a?

 Yau ba sanarwa na zo da ita ba. Kuskure na yi a radiyo, kuma ina son in faɗe shi nan inda rubutu ke zama, tunda maganar radiyo iska ke tafiya da ita.

Daren Juma'ar da ta wuce, cikin shirin gaishe-gaishe, wata baiwar Allah ta nemi wata waƙar biki da ke tashe yanzu. Na duba kwamfuta, na ga sunan wani ɗan fim na Kano rubuce bisa waƙar, na faɗe shi gabana gaɗi, na sa. Ba ta kai rabi ba sai ga kira. Wani dattijo ne daga wani ƙauye na yankin Gazawa. Ya ce, "Ɗana, wa ka ce mai waƙar ga?" Na maimaita mashi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba tashi ba ce. Ta yayata ce, Allah ya jiƙan ta. A dandali take yin ta tun muna yara, da tafi, ba da piyano ba."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, abin da na gani rubuce na karanta." Ya ce, "To wa ya rubuta?" Wallahi ban samu ta cewa ba.

Da safe na bi sawu. Abokin aikina ne ya kawo waƙar, shi kuma wajen mai tura waƙa a kart memwar ya karɓo ta, nan bakin tasha. Na je na tambayi yaron. Bai ɓoye mani ba: in waƙa ta zo mashi ba suna, sai ya laƙa mata sunan wanda mutane sunka sani, don ta fi tafiya. Muryar kuwa ta wani saurayi ce da ya ji waƙar wajen biki, ya kai ta situdiyo anka ɗora mata kiɗa. Kun gani, hannu uku ta bi, kuma kowane hannu ya goge suna ya sa wani.

Ba yau abin ya fara ba. Mun saba da kiran waƙar fim da sunan wanda ya yi rawarta, alhali shi baki kawai yake motsawa. Shekaru nawa mutane sunka yi suna jin muryar Fati Nijar, ɗiyar Maradi, suna kallon fuskar wata? Ita ma ta yi sa'a, sunanta ya fito. Mai rubuta baitoci da mai haɗa kiɗa fa, mu nawa ke tsayawa mu karanta sunansu a ƙarshen fim?

Kada ku ce ƙauyancinmu ne. Can inda komi ke da takarda ma ana yi. A 1972 Manu Dibango na Kamaru ya fitar da Soul Makossa. Shekara goma bayan haka Michael Jackson ya ɗauki amshinta ya sa cikin wata waƙa ta faifansa Thriller, sai daga baya anka sasanta da kuɗi. A 2007 Rihanna ta sake ɗaukar amshin nan. Da faifanta ya fito, cikin jerin marubutan waƙar akwai Michael Jackson, babu Dibango. Sai da ya kai ƙara a Paris a 2009. Wanda ya ara shi ya koma mai abu, don sunansa ne ya fi nauyi a takarda.

Akwai kuma labarin da ya ƙare da daɗi, na ɗan ƙasarmu Mdou Moctar, mai gita na jihar Tawa. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008. Waƙoƙin sunka yi ta yawo daga salula zuwa salula ta bulutut har arewacin Mali. Can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya, ya sa ta cikin wani faifai na waƙoƙin salula da ya fito a 2011, kuma ya neme shi har ya same shi. Yau Mdou yana wasa a Turai da Amurka. Abin da ya taimake shi, guntun sunansa bai faɗi daga jikin waƙar ba. Da ta biyo ta hannun yaronmu na tasha, da wani ne zai ci wannan arziki.

Magabatanmu sun san wannan matsala, kuma sun yi mata magani tun babu kwamfuta. Malaman da ke rubuta waƙa da ajami sukan saka sunansu da garinsu cikin baitocin ƙarshe, ta yadda ko almajiri ya haddace ya kai ta Agadas, sunan na tafe tare da ita. Makaɗan baka su ma sukan kira sunan kansu tsakiyar waƙa, kamar yadda kowa ya ji Shata na yi. Suna na cikin waƙar, ba bisa kwali ba, ba ka cire shi sai ka ɓata ta. Matan dandali da na bakin turmi su ne ba su yi haka ba, don ba su ɗauki abin sana'a ba. Shi ya sa tasu ta fi sauƙin ɗauka.

Na sake kiran dattijon nan ranar Lahadi. Na yi mashi bayanin cewa akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha a Yamai, BNDA, inda mawaƙa ke rajistar aikinsu. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ni ba kuɗi nake biɗa ba." Har ya gaya mani gaskiyar da ban tambaye shi ba: amshin ma wajen kakarsu yayar tashi ta same shi, baitocin ne nata. Saurayin da ya rera, in ji shi, bai yi laifi ba, ya ma iya. Abin da ya ƙona mashi rai shi ne jikokinta na rawa da waƙar a biki suna kiran sunan wani baƙo.

Na yi tunani sosai. Yaron tasha abinci yake nema. Ni kuwa da anka ba makirfo, abin da na faɗa shi ke zama gaskiya a ƙauyuka da yawa. Don haka daga yanzu, in ban tabbatar da mai waƙa ba, ba ni laƙa mata sunan kowa, zan tambaye ku. Ku kuma samarinmu masu zuwa situdiyo a Maradi, in kun ɗauko waƙar gaɗa, ku faɗi garin da kunka ji ta da wadda kunka ji ta bakinta, ko da cikin gaisuwar ƙarshe ne. Ba ya rage muku komi.

Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan sake sa waƙar. Baba ya yi alkawarin zai kira, kuma shi zai faɗi sunan yayarsa da bakinsa.