Kafin a Ɗauki Gida Hoto

A dā, in mutum zai sayar da gida ko zai ba da haya, dillali yakan kawo mai so har zaure, ya shiga ya duba da idonsa. Yanzu hoto ne ke riga mutum isa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, garinmu ya cika da baƙi. Malamin da ke Zariya ko ɗalibin da ke Makurdi ba zai biya kuɗin mota don ya ga ɗaki ɗaya ba. Sai dillali ya aika masa hoto ta WhatsApp, a yi ciniki ta waya. Ga kuma waɗanda rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Kurfi da Safana da Batsari, suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu.

Mu ma abin ya zo kanmu. Kun dai san albashin malamin makarantar ikkilisiya. Da 'yarmu ta fari ta sami shiga makarantar koyon jinya, muka yi shawara da uwargida, muka ga ba mafita sai mu ba da hayar sashen waje, ɗaki biyu da makewayi. Dillali ya ce zai zo da waya ranar Asabar.

Ashe idon mai gida ya saba da gidansa, har ba ya ganinsa. Da muka tsaya bakin ƙofa kamar baƙi, sai muka ga abin da muka shekara muna wucewa: igiyar shanya ta ratsa tsakar gida, turmi ya kife kusa da murhu, tsohuwar taya a kan akurki, yanar gizo a kusurwa, kwata ta toshe. Kwana uku muna aiki da yara bayan an tashi makaranta. Muka share, muka kwashe tarkace, muka yashe kwata, muka kai awaki turken baya, muka shafa farar ƙasa a bango, muka wanke makewayi da toka da sabulu. In ban da farar ƙasa da sabulu, ba mu kashe ko kwabo ba.

Saura abu ɗaya. A ɗakin gabas bango ya tsage daga ƙasan taga, kuma ruwan Agusta ya bar tabo a silin. Da dillali ya gani sai ya ce, "Malam, wannan ai mai sauƙi ne. A jawo kabad a tare wurin, ni kuma ba zan ɗaga waya sama ba. Kafin damina ta dawo an riga an biya kuɗin shekara."

Ranar biyan kuɗin makaranta ta matso, kuɗin magini kuwa daga cikinsu za a cira. Muna tsaye shiru sai uwargida ta ce, "Maigida, wanda zai shiga ɗakin nan ɗan wani ne. Tamu 'yar ma ɗakin haya za ta nema a garin da ba ta san kowa ba." Maganar ta ƙare nan. Muka ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, a bar hoton sai mako mai zuwa." Magini ya buɗe tsagar ya cike ta da siminti, kafinta ya sauya fallen kwano ɗaya. Tabon silin kuwa muka bar shi ya fito a hoto, muka roƙi Alhaji ya faɗa wa kowa cewa yoyo ne aka gyara. Mako uku ɗakin yana jira, har muka ci bashin adashi muka cika kuɗin yarinya. Daga baya wani ma'aikacin jami'a ya kama.

To, ya masu karatu, ga abin da muka koya. Gyara halal ne, ɓoyewa kuwa ha'inci ne. Wanda ya yarda da hoto cinikin biri a sama yake yi, amanarsa tana wuyan mai gida. Ƙarya kuwa fure take, ba ta 'ya'ya. Ɗan haya da aka ruɗa zai zauna bango ɗaya da mu shekara guda, kullum safiya mu gaisa.

Game da hoton kansa, a ɗauka da hantsi, rana tana bayan mai ɗauka. Da tsakar rana inuwa takan yi baƙi ƙirin, lokacin hunturu kuma hazo yakan dusashe kome. A goge idon waya, a buɗe tagogi, a tsaya a kusurwar ɗaki, waya a kwance daidai ƙirji. Wayoyi da yawa suna iya buɗe hoto har ƙaramin ɗaki ya zama kamar fili, saboda haka a rubuta awonsa: in ƙafa 12 da 12 ne, a ce haka. A nuna rijiya ko famfo, a nuna makewayi da madafa, domin su mai iyali zai fara tambaya.

Akwai kuma abin da bai kamata ya fito ba. Hoto in ya bar hannunmu ba mu san wayar da zai kwana ba, zamanin kuwa na masu satar mutane ne. Kada a bar fuskar yara ko ta matan gida. A kawar da babur da janareta da keken ɗinki da buhunan hatsi. A sauke takardun shaida da hotunan aure daga bango. Wannan shawara muka kai wa wata gwauruwa a Kurfi da za ta sayar da gidan mijinta, domin injin niƙanta yana tsakiyar hoton farko da aka ɗauka.

Mai sayarwa kuma ya tuna hoto ba takarda ba ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen gari a hannun gwamna, gida mai takardar mallaka ta gwamnati kuma sai da yardarsa ake canja masa suna. In gidan gado ne, magada duka su yarda tukuna. A yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu, a yanka la'adar dillali tun kafin ya ɗaga waya.

Mu share gidajenmu don baƙo ya ga kyansu, mu kuma faɗa masa aibinsu da bakinmu. Allah ya ba kowa maƙwabci nagari.