"Babu, Na Gode"

A ƙarshen kusan kowace ganawar neman aiki, bayan an gama yi maka tambayoyi, ɗaya daga cikin waɗanda ke bayan tebur zai rufe dosiyenka ya ce da Faransanci: kana da wata tambaya? Mu ƴan Matameye da kewaye amsarmu ɗaya ce, kamar tare muka haddace ta: "Babu, na gode." Sai a sunkuyar da kai a fita.

Kuma ba wai babu ɗin ba ne. Tun muna ƙanana aka nuna mana cewa tambaya daga sama take gangarowa: uba ya tambayi ɗa, malam ya tambayi ɗalibi. Yaron da ya mayar da ita sama sai a ce bakinsa ya yi yawa, alhali su manyan ne ke cewa matambayi ba ya ɓata. A ajin ilimin harshe mun koyi cewa mai tambaya shi ke riƙe da linzamin zance. To, a ganawa gaba ɗaya, minti biyun nan na ƙarshe ne kaɗai ake miƙo maka linzamin.

Aikin da irinmu ke samu a yankin Kance ai sananne ne: anketi na sati biyu ko uku wa wata ƙungiya, tafinta, ko koyarwa. Ganawar da Faransanci ake yin ta, aikin kuwa da Hausa. Shi ya sa a wurina tambayar da ta fi kowace ita ce: takardar tambayoyin nan an fassara ta, ko kowa zai fassara da bakinsa in ya je ƙauye?

Ku ɗauki kalmar "ménage" kawai. Wani zai ce gida, wani ya ce iyali, wani ya ce masu ci daga tukunya ɗaya. A Dungu ko Yawuri, zaure ɗaya yana iya tara tsoho da ƴaƴansa uku masu aure, kowa da rumbunsa, wani lokaci kowa da tukunyarsa. Wanda ya ce "gida" zai rubuta ɗaya, wanda ya ce "tukunya" ya rubuta huɗu. In lissafin na rabon hatsi ne a lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, kuskuren fassara ya zama tuwon wasu ke nan. Kuma in mutanen gari suka tashi ƙorafi, ba wanda ya tsara takardar a Yamai za su nema ba, kai da suka gani da idonsu za su nema. Tun watan Maris na 2025 kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci na aiki ne, amma takardun da ake ba mu har yanzu sai mun juya su a ka. Mai ɗaukar aikin da ya san filin zai gane daga wannan tambaya cewa kai ma ka san shi.

Maganar kuɗi ita ce mai nauyin baki, don a kunnenmu tana kama da roƙo. Amma dole ne a yi ta. Nawa ne, kuma yaushe: ƙarshen wata, ko sai an karɓi rahoto? Man babur zuwa Ɗan Barto ko Kurni a wuyan wa yake? Akwai kwantaragi a rubuce? In aikin mai tsawo ne, za a sa sunanka a CNSS? Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, ya kamata wannan adadi ya kasance a kanka kafin ka zauna. Kowanenmu ya san wani malami ɗan kwantaragi da ya ci bashin mai shago yana jiran kuɗin da ya riga ya yi wa gumi.

Abin daɗi, Hausa ta tanadar mana hanyar tambaya ba tare da nuna wa babba yatsa ba. "Nawa za ku biya ni?" tana da kaifi, gaskiya. Amma "Ranka ya daɗe, ko za a iya yi mini bayanin yadda ake biya?" ba ta taɓa kowa ba. Wannan ƙaramin "a" na "za a" da "ake" yana ɗauke mutum daga cikin jimla ya bar maganar kaɗai, "ko" ɗin kuma ya sassauta ta. In da Faransanci ne, "pourriez-vous" na yin kusan wannan aiki.

Ƴan uwa mata suna da tasu tambayar ta daban: in aikin na kwana ne a ƙauye, ina za a sauka, kuma da wa? Ba tsoro ba ne. Da yamma Baba zai yi wannan tambayar a gida, kuma "ban sani ba" ta isa ta hana tafiyar.

Wadda ban ga amfaninta ba ita ce "Kun ɗauke ni?" Ba za su faɗa ba, sai dai kowa ya ji kunya. Gara ka tambayi ranar da sakamako zai fito, da ta inda zai fito, waya ko takardar da za a liƙa a ƙofar ofis. In ta waya ce kuma ka san za ka koma gona inda layi ke wahala, ka bar musu lamba ta biyu, ta wani da ke cikin gari.