Gayya a Cikin Kwamfuta

Mafi yawan wayoyin hannun da ɗalibai suke shigowa da su aji a yau suna ɗauke da ƙwayoyin sarrafawa har takwas a cikin ƙwaƙwalwarsu, kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa da wuya a sami mai ƙasa da biyu. Amma idan aka duba manhajojin da ɗalibin kimiyyar kwamfuta yake rubutawa a shekarunsa na farko, za a tarar ƙwaya ɗaya tak suke ɗora wa aiki, sauran suna zaune. Fannin da yake koyar da raba aiki tsakanin waɗannan ƙwayoyi domin su yi shi lokaci guda, wanda nake kira tsarin gayya, akan ajiye shi sai shekarar ƙarshe, wani lokaci ma a matsayin darasin zaɓi. A ganina wannan jinkiri yana cutar da ɗalibai.

Jinkirin yana da asali. Har zuwa farkon shekarun 2000, kowace sabuwar kwamfuta takan fi ta baya saurin bugun agogo, don haka manhaja takan ƙara sauri ba tare da marubucinta ya taɓa ta ba. Daga baya zafi da cin wuta suka taka wa wannan tafiya birki. Pentium 4 ta kamfanin Intel ta tsaya a gigahaz 3.8, kuma a 2005 Intel da AMD suka fitar da ƙwaƙwalwa mai ƙwaya biyu domin kwamfutocin gida da ofis. Tun daga lokacin, ƙarin ƙarfi yana zuwa ne ta hanyar yawan ma'aikata. Ƙungiyoyin ACM da IEEE sun amsa wannan canji a jagoran manhajar karatu da suka fitar a 2013, inda suka ware wa fannin babi na kansa. Sai dai ajinmu bai gama amsawa ba.

A lokacin da nake taimaka wa malamai a ɗakin gwaji yayin karatun digirina na biyu, na lura cewa wahalar ɗalibai ba ta cikin harshen rubuta manhaja. Tana cikin ɗabi'ar tunani. An horar da su shekara uku a kan cewa umarni yana bin umarni kamar sahun raƙuma, kuma manhajar da ta ba da amsa daidai sau ɗaya ta inganta ke nan. Akwai wani ɗan gwaji da yake rushe wannan imani cikin minti goma. A sa zare biyu, wato ma'aikata biyu a cikin manhaja guda, kowanne ya ƙara ɗaya a kan lamba guda sau miliyan. Ɗalibi yana jiran ya ga 2,000,000. Sai ya ga abin da bai kai ba. Ya sake gwadawa, ya ga wata lamba daban. Abin da nakan ji a nan shi ne: "Malam, kwamfutar nan ta sami matsala."

Lafiyar kwamfutar ƙalau. Ƙarin ɗaya mataki uku ne a wurinta: ta karanto lambar daga ma'adana, ta ƙara, ta mayar. Idan zare biyu suka karanto 50 a tare, kowanne zai mayar da 51, ƙari ɗaya ya salwanta ke nan. Maganinsa makulli ne, wanda zai hana na biyu taɓa lambar sai na farko ya gama. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa a shekarar farko zai tashi da sanin cewa gwaji ɗaya ba hujja ba ne. Wanda ya fara ganinsa ana saura wata uku ya kammala kuwa, icen ya riga ya bushe.

Kada a ɗauka wannan wasan aji ne kawai. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gasa cutar daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya haske mai guba fiye da kima a haɗurra shida da aka sani a Amurka da Kanada, wasunsu suka rasu. Cikin dalilan da bincike ya gano har da irin wannan rige-rige, inda sassan manhaja suke taɓa bayani guda ba tare da tsari ba. Ɗalibanmu za su rubuta manhajojin banki da na asibiti, inda dubban mutane suke taɓa lissafi guda a daƙiƙa guda.

Darasi na biyu da ya cancanci zuwa da wuri shi ne iyakar amfanin yawa. A 1967 Gene Amdahl ya nuna cewa ɓangaren aikin da ba ya rabuwa shi ne yake yanke wa sauri hukunci. Idan kashi 10 cikin 100 na aiki dole ne a yi shi bi da bi, ƙwaya takwas ba za su ninka sauri sau takwas ba, iyakarsu wajen 4.7, kuma ko an tara dubu ba za a wuce ninki goma ba. Na sha rubuta wannan lissafi a allo ɗalibai suna kallona shiru. Amma da zarar na koma Hausa na ce a ɗauka an kira gayyar girbin gero, mutum ashirin suna yanka suna ɗaure dammuna, amalanken da yake kai su rumbu kuwa guda ɗaya ne, sai wani ya riga ni cewa ko an ƙara mutum ɗari amalanken ne zai tsai da aikin. Wanda ya tashi inda ake gayya ya san rabon kunya-kunya, ya san ɓata lokacin da jiran juna yake jawowa, ya san cewa ƙaramar gona ba ta cancanci a dafa wa mutum hamsin abinci ba. Waɗannan su ne ainihin matsalolin fannin, kuma ɗalibanmu sun zo da saninsu daga gida.

Uzuri biyu ake yawan kawowa. Na farko shi ne rashin manyan kwamfutoci da rashin tsayayyar wutar lantarki. Gaskiya ne babban bincike yana bukatarsu, amma koyon tushe ba ya bukata. OpenMP, wanda ya fito a 1997, yana cikin GCC da ake samu kyauta, kuma layi ɗaya a saman umarnin maimaitawa ya isa ya raba aiki tsakanin ƙwayoyi. MPI, wanda aka tsara a 1994 domin kwamfutoci masu yawa, yana gudana a kan tafi-da-gidanka guda. Uzuri na biyu shi ne cunkoson manhajar karatu. Wannan ma ba ya bukatar sabon kwas. A shekarar farko a raba jimlar jerin lambobi gida huɗu, a darasin jera bayanai a ba kowane zare rabinsa, a darasin tsarin gudanar da kwamfuta a kawo makulli da cijewar da takan faru idan kowane zare yana jiran abin da yake hannun ɗan'uwansa.

Abin da ya rage shi ne yadda ake auna ɗalibi. Muddin maki yana kan fitowar amsa sau ɗaya, tsohuwar ɗabi'a ba za ta gushe ba. A nemi ya gudanar da manhajarsa sau ɗari, ya auna lokaci da ƙwaya ɗaya da biyu da huɗu, sa'annan ya bayyana dalilin da ya sa saurin bai ninka yadda ya zata ba. Wanda ya iya wannan bayani ya fahimci na'urar da take hannunsa, kuma za a iya damƙa masa lissafin jama'a hankali kwance.